Kafin ku sayi tsohuwar ukulele a intanet, ku nemi hoton gwajin katin ATM

Jama'a salamu alaikum. Duk wanda ya ga tsohuwar ukulele (ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu) ana sayarwa a shafin Jiji ko Facebook, kar ya tura ko sisi sai mai ita ya yi wannan gwajin.

Ka ce masa ya ɗaure tsirkiyoyin huɗu daidai, ya ɗora katin ATM huɗu ɗaya kan ɗaya ya zura ƙarƙashinsu a kan layin ƙarfe na 12 na wuyanta (in an ƙirgo daga kai), ya ɗauko maka hoto ta gefe. Kaurin kati ɗaya milimita 0.76 ne, huɗu kusan milimita 3 ke nan, kuma nan ne iyakar tazarar da hannu ke jin daɗi. In katin huɗu sun shige har da sauran fili to akwai magana, ko wuyan ya lanƙwashe ko katakon da ke riƙe tsirkiyoyin ya fara ɗagowa, ga danshin Legas da ke sassauta gam musamman kayan da suka daɗe a jibge a shago.

Ni sai da na taso daga Agege har Alaba, na sha go-sulo, na tarar da wuyan ukulelen a lanƙwashe kamar baka. Kuɗin motar har yau yana min ciwo.

Kojewar fenti kam kar ta dame ka, da ita ma za ka nemi ragi. Tsirkiya roba ce, ana canzawa.

Amma fa in tsirkiyoyin a sake suke ko wasu sun tsinke, gwajin ba ya aiki. Kuma ba ya nuna tsagewar ciki, wannan sai ka je da kanka ka ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, in ka ji tana kaɗawa kamar fasasshiyar ƙwarya ka bar masa kayansa.