Daga Jidda zuwa Madina a jirgin sama: nisa da lissafin lokaci

Tsakanin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina, ta sama kimanin kilomita 350 ne. A mota kuwa hanya ta haura kilomita 400, tafiyar wajen awa huɗu. A tikitin kamfanin jiragen Saudia za ka ga an rubuta kusan awa ɗaya, amma abin da jirgi ke yi a sama bai wuce minti 40 zuwa 45 ba. Sauran na gangarawa titin tashi ne da jiran izini.

A nan mutanenmu ke ruɗuwa, sai a ji "awa ɗaya" a shirya komai a kai. Ka ƙirga daga ƙofar gida: ana so ka isa fili awa biyu kafin tashi, domin wurin auna kaya yana rufewa kimanin awa guda kafin lokaci, kuma magiya ba ta buɗe shi. Ƙara awar jirgi, da rabin awa na jiran akwati, da tasi zuwa Masallacin Annabi, wajen kilomita 15. Ka kusa cinye awa huɗun mai mota, ba a ma sa cunkoson Jidda ba.

Saboda haka jirgin sama ya fi dacewa da wanda ya sauka daga Kano ko Abuja zai wuce Madina a tikiti guda. Shi ma ya tambaya ko an rubuta wa akwatinsa Madina tun daga gida, ya kuma duba ɓangaren da zai tashi, don filin Jidda ba gini ɗaya ba ne. Idan tikiti biyu ne daban, ya bar aƙalla awa uku a tsakani, domin in na farko ya makara, na biyu ba ruwansa. Mazaunin Jidda kuwa ya fara duba jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya soma aiki a 2018. Yana da tasha a unguwar Sulaimaniyya ta Jidda da kuma cikin filin jirgin, yana gudun kilomita 300 a awa, ya kai Madina cikin kamar awa biyu. Matsalarsa kaya: babban akwati ɗaya, kada ya wuce kilo 25. Mai tsaraba da yawa ya san da haka.

Riƙe iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo a hannu, kada su shiga akwatin da aka auna.

Dawowa ce ke buƙatar kula ga mai niyyar Umara. Miƙatin mai fitowa daga Madina shi ne Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, kuma yana bakin gari, jirgi na tashi ba da jimawa ba ya gifta daura da shi. Yi wanka a masauki, ka ɗaura harami kafin ka shiga jirgi, ka yi niyya da zarar ya ɗaga. Kada ka ce sai an sauka Jidda.