Yadda Ake Gano Tsarin Tsohon Ɓawon Nahiya da Awon Maganadisu

Duwatsun da suka haura shekara biliyan 2.5, irin na Kaapvaal a kudancin Afirka da Yilgarn a Yammacin Ostiraliya, yawancinsu a binne suke ƙarƙashin yashi, jar ƙasa da duwatsun laka. Waɗannan kuwa galibi kusan ba su da maganadisu, shi ya sa na'urar awon maganadisu da ake ɗora wa jirgin sama ke iya hango abin da ke ƙasansu. Sai dai a riƙe abu ɗaya tun daga farko: taswirar da za ta fito yawan magnetait, wato ma'adinin ƙarfe mai maganadisu, take nunawa. Dutse iri ɗaya, girenait alal misali, wani yana ɗauke da magnetait da yawa, wani kusan babu.

Ƙarfin maganadisun duniya yana tsakanin nanotesla 25,000 da 65,000 (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganadisu ne), abin da ake nema kuwa sau da yawa bai wuce gommai ko ɗaruruwa ba. Aikin duka tacewa ne.

A shata layukan da jirgi zai bi su gitta shimfiɗar duwatsun yankin. In duwatsun sun miƙe arewa da kudu, a tashi gabas da yamma. Don aikin yanki mai faɗi, tazarar mita 200 zuwa 400 tsakanin layuka ta isa, jirgin yana mita 80 zuwa 100 daga ƙasa. A ƙara layukan ɗauri masu ratsa su, tazararsu ninki goma na ta layukan awo. Magnetomita ta sisiyom, wato na'urar awon, wadda ake maƙalawa a dogon bututu a wutsiyar jirgi don ta nisanci ƙarfen inji, tana ɗaukar awo sau goma a daƙiƙa. Jirgi mai gudun mita 70 a daƙiƙa ke nan yana ba da awo ɗaya duk mita 7. A kan layi bayanai sun yi yawa, tsakanin layuka kuma babu ko ɗaya, kuma nan ne ƙananan abubuwa ke ɓuya.

A kafa na'ura ta biyu a ƙasa, nesa da motoci, wayar lantarki da rufin kwano, agogonta daidai da na jirgi. Ita ke rubuta canjin da rana ke jawowa, wanda kan kai nanotesla gommai a yini. Ranar da guguwar maganadisu ta taso, a bar jirgi a ƙasa, domin bayanan wannan rana ba su gyaruwa.

Daga nan a cire canjin yini, a cire ƙarfin da ke fitowa daga tsakiyar duniya ta hanyar lissafin IGRF, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. A zaɓi na ranar da aka yi awon. Sai a daidaita layuka a mahaɗarsu da layukan ɗauri. In aka ga zane-zane a taswira suna bin hanyar jirgi sak, daidaitawar ce ba ta yi ba. Girman kowane gida na taswira ya zama kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na tazarar layi.

Akwai tarkon da ya kamata a tsaya a kansa. Kusa da ikwaita ta maganadisu, layukan ƙarfin a kwance suke, don haka dutse mai magnetait da yawa yakan fito a matsayin ragi a kansa, ƙarin kuma ya koma arewa da kudunsa. Lissafin da ke mayar da taswira kamar an auna ta a ƙuryar arewa ta maganadisu, inda layukan ƙarfin suke a tsaye, wanda ake kira RTP, shi ke gyara wannan, amma in karkatar ƙarfin ta gaza digiri 15 zuwa 20 yakan haifar da ratsi-ratsin ƙarya. A irin wannan wuri gara a yi amfani da lissafin da ake kira siginar analitik, wadda ke ɗora tudunta, wato wurin da awo ya fi tashi, a kan gefen jikin dutsen.

Yanzu karatu. Lissafin saurin canji a tsaye yana fito da abin da ke kusa da sama, ɗaga bayanan sama da kilomita 5 ko 10 a lissafi kuma yana barin manyan sassa masu zurfi. Duwatsun ƙarfe masu ratsi sukan ba da dubban nanotesla, kamar na Kursk a Rasha, kuma su ne ke zana lanƙwasar tsofaffin ɗamarorin duwatsun aman wuta. Katangun dutsen da suka kutsa cikin tsaga sukan fito siraran layuka miƙaƙƙu, irin tarin Mackenzie na Kanada mai shekara kusan miliyan 1,267. Manyan karayar ƙasa kuwa sau da yawa layin ragi ne, saboda ruwan zafin da ya bi ta cikinsu ya mayar da magnetait hematait, ma'adinin da maganadisunsa kaɗan ne. A lura da wanda ya yanke wani: wanda ya yanke shi ne ƙarami a shekaru.

Wajen zurfi, tudu mai faɗi da laushi na nuna tushe mai nisa, mai tsini na nuna na kusa. Hanyar Euler ta lissafa zurfi na buƙatar lambar siffa: 0 ga iyakar duwatsu biyu, 1 ga katanga, 2 ga bututu, 3 ga dunƙule. In aka sa lamba mai girma fiye da kima, zurfin zai fito fiye da gaskiyarsa. Magnetait kuma yana rasa maganadisunsa a zafin digiri 580 na ma'aunin Salsiyos, don haka abin da ke ƙasa da zurfin da zafi ya kai wannan mataki ba zai bayyana ba.

Siffofi daban-daban na iya ba da tudu iri ɗaya, ga kuma maganadisun da dutse ya riƙe tun ranar da ya huce, wanda kan fuskanci wata shiyya dabam, har ya juya tudu ya zama rami. Maganinsa a je inda dutsen ya fito fili, a ɗora ƙaramar na'urar hannu mai auna maganadisun dutse a kan sabon fashi, ba a kan ɓawon da ya rube ba, a ɗauki awo goma ko fiye a kowane wuri. A haƙo samfura da alamar arewa a jikinsu don ɗakin gwaji, sannan a gwada siffar da aka zana da awon nauyin ƙasa na layin nan guda.