Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar buɗewar ƙasan teku da ƙananan farantan duniya

Wanda na fi cin karo da shi shine mutane su ɗauka wai farantan ɓawon duniya, wato manyan ɓangarorin dutsen da saman duniya ya rarrabu zuwa gare su, suna yawo ne a kan ruwan narkakken dutse. Ba haka bane fa. Abin da ke ƙarƙashinsu dutse ne mai tauri, zafi ne kawai ya sa yake motsi a hankali cikin miliyoyin shekaru, narkewar ɗan kaɗan ce kuma a wasu wurare take.

Daga nan sai a ce ai narkakken dutsen ne yake ture farantan su rabu. A juya maganar, farantan ne ke jan jiki, dutsen ƙasa ya taso, nauyin da ke danne shi ya ragu sai wani ɓangarensa ya narke ya cike gurbin. Babban mai jan kuwa shine tsohon gefen farantin da ya huce yayi nauyi yake nutsewa, irin na ramin Mariyana da ke ƙasan tekun Fasifik, mai zurfin kusan kilomita 11. Shi yasa duniya bata ƙara girma, ana ƙirƙirar sabon ƙasan teku a nan ana haɗiye tsohon a can, kuma da wuya ka samu ƙasan tekun da ya haura shekara miliyan 200.

Saurin buɗewar ma ba ɗaya bane. Tsakiyar Atlantika santimita 2 zuwa 5 ne a shekara, gabashin Fasifik kusa da tsibirin Ista kuwa ya kai wajen 15.

Amma wanda ya fi damuna gaskiya shine yadda ake kallon taswira a ɗauka iyakar faranti layi ɗaya ce miƙaƙƙiya. A daidai wajen tsibirin Ista ɗin, tsakanin farantin Fasifik da na Nazka, akwai ƙaramin faranti mai faɗin wajen kilomita 500 wanda juyawa yake yi, kusan digiri 15 duk shekara miliyan ɗaya, kamar ka sa fensir tsakanin tafukanka ka murza. To idan ka lissafa motsinsa kamar ɓangare ne na ɗaya daga cikin manyan da ke gefensa lissafin ba zai taɓa fita ba, dole a auna shi shi kaɗai. Ana gane juyawar ne daga layukan maganaɗisun da ke cikin duwatsun, wato alamun da maganaɗisun duniya ya bari a jikin dutsen lokacin da yake hucewa, waɗanda masana biyu, Vine da Matthews, suka yi bayaninsu a 1963, don a gefen ƙaramin faranti layukan basa tafiya a jere, buɗewa suke ta gefe ɗaya su tsuke ta ɗayan.