Yadda za ka warware kalmar arsenal idan ta faɗo maka a labari

Fassarar labarai ce sana'ata a nan Jos, kuma duk yaron da aka turo mini koyon aiki akwai kalmomin da nake fara zaunar da shi a kansu. Arsenal na cikinsu. Yaro ya tashi a gidajen kallon ƙwallo na Gangare ko Anguwar Rogo, bai san ta da komai ba sai kulob ɗin Landan, kwatsam sai ga ta a labarin Koriya ta Arewa.

Fara da duba harafin farko. In babba ne a tsakiyar jimla, ga kuma zancen koci da maki, to suna ne, kada ka taɓa shi. In ƙarami ne, sai ka dubi kalmomin da ke kewaye da ita. Wani lokaci wuri ake nufi, gini da masu gadi, wato ma'ajiyar makamai ko masana'antar ƙera su, irin ta gwamnati da ke Kaduna tun 1964. Amma da zarar ka ga an haɗa ta da nukiliya ko makamai masu linzami, ba gini ba ne, dukkan makaman da ƙasa ta mallaka ne, ko a ina aka jibge su. A nan aka fi tuntuɓe. In ka ce "rumbun nukiliyar Rasha", direban da ke sauraronka a tashar Bauchi Road zai ɗauka ɗaki guda ne da kwaɗo a ƙofa. Ka ce "makaman nukiliyar da Rasha ta mallaka", ka wuce abinka.

Akwai kuma ma'ana ta aro. Mai sharhin dambe zai ce wane yana da kaza a cikin arsenal ɗinsa. Babu bindiga ko ɗaya a nan, dabarun da ɗan wasa ya iya ne, kuma haka za ka faɗa.

Abin da ke sa duk wannan ya zauna a kai shi ne sanin tushen kalmar, kuma Bahaushe ya fi Bature saurin gane shi. Larabci ce: darus-sina'a. Dar gida ne, kamar a Darussalam, sina'a kuwa ita ce sana'ar nan tamu, wadda masana'anta ta fito daga cikinta. Italiyawa masu fatauci a Bahar Rum suka ɗauke ta daga bakin Larabawa, mutanen Venis suka raɗa wa babban wurin ƙera jiragen ruwansu suna arsenale, wurin da ake danganta kafuwarsa da wajajen 1104. Harafin farko ya faɗi a hanya, ko da yake har yau Italiyanci na da darsena, wadda ta riƙe shi. Da yake jiragen yaƙi ake ƙerawa a wurin, kuma a nan ake ajiye makamansu, bayan kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 sai ma'anar makamai ta danne ta jirgi.

Kulob ɗin ma daga ƙira ya fito. A 1886 ma'aikatan masana'antar makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, a bakin kogin Thames, suka haɗa ƙungiyar ƙwallo, suka sa mata Dial Square, sunan wani sashe na ma'aikatar. Ta koma Royal Arsenal, ta koma Woolwich Arsenal, a 1913 ta yi ƙaura zuwa Highbury a arewacin Landan, ba a jima ba aka jefar da Woolwich ɗin. Igwar da ke jikin rigar da Kanu ya sa daga 1999 zuwa 2004 gadon wannan masana'anta ce. Magoya baya da yawa a garin nan suna kwana da rigar ba su taɓa tambayar me ya kawo igwa cikin ƙwallo ba.

Sai ka kula idan daga Hausa kake juyawa zuwa Ingilishi. Ɗan ɗakin ajiye bindigogi na ofishin 'yan sanda bai kai a kira shi arsenal ba, armoury ake ce masa. Ka bar arsenal sai makaman sun yi yawan da ƙasa ko runduna za ta yi tinƙaho da su.