Darasi na Bakwai: Mota Mai Fetur ko Mai Dizal?

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Tun daga lokacin, duk wanda ya je sayen mota ta hannu, 'yar Kwatano ce ko wadda aka mora a gida, tambayarsa ta farko ita ce: yaya shan manta?

A nan ne dillali zai ce maka, "Alhaji, ɗauki mai dizal, ba ta shan mai." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka yi lissafin da kanka.

Bambancin injin biyu

Injin fetur yana da fulogi, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. Injin dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, ba ya buƙatar tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai ya kama da wuta. Saboda haka yake da ƙarfin jan kaya, kuma yakan sha ƙasa da na fetur da kamar kashi ɗaya cikin huɗu a tafiya iri ɗaya. Shi ya sa tireloli da tankoki galibi dizal suke sha.

Sai dai a Najeriya an daɗe da janye tallafi daga dizal, shekaru da yawa kafin fetur, kuma sau da yawa litarsa ta fi tsada. Abin da ka rage a lita, wani ɓangarensa yana komawa a farashi.

Yadda ake lissafi

Kada ka tsaya a kan kuɗin lita. Ka tambayi kanka: nawa zan kashe in yi tafiyar kilomita 100?

Ga misali. Farashin da ke nan na koyo ne kawai, kai ka sa na gidan man unguwarku. Mota mai fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, lita kuma naira 900. Takwas sau 900 ya ba da 7,200. Mai dizal tana shan lita 6, lita naira 1,100. Shida sau 1,100 ya ba da 6,600. A cire 6,600 daga 7,200, saura 600. Wato mai dizal ta rage maka naira 600 a kowace kilomita 100.

Yanzu mu ɗauki mutum biyu. Na farko ma'aikaci ne, daga gida sai ofis, sai kai yara makaranta, sai kasuwa. A wata yana yin kilomita 1,000. Abin da zai rage naira 6,000 ne a wata, 72,000 a shekara. Na biyu direban haya ne tsakanin Kano da Kaduna, tafiyar kusan kilomita 230. Zuwa da dawowa 460. In ya yi kwana 20 yana aiki, ya yi kilomita 9,200, ya rage naira 55,200 a wata guda. Mota iri ɗaya, farashi iri ɗaya, amma abin da direban ya samu a wata biyu ya fi na ma'aikacin a shekara.

Ka kuma lura da wannan: da litar dizal za ta hau zuwa 1,200, shida sau 1,200 ya zama 7,200. Sun yi kunnen doki, ribar ta tafi. Ƙarin naira 100 kacal ya shafe ta.

To yaya za ka san ainihin abin da mota ke sha? Ba a bakin dillali ba. Ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita da ke gaban sitiyari. Ka yi tafiyarka, ka dawo ka sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce motar ta sha. Ka raba ta da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100.

Inda kuɗin ke zurarewa

Mai ba shi kaɗai ne kuɗin riƙe mota ba, akwai gareji. A nan ne tsohuwar mota mai dizal take kayar da mutum. Famfonta da nozul-nozul ɗinta suna aiki da matsi mai ƙarfi, ba sa jure datti. Dizal ɗin da aka gauraya da kananzir, ko wanda ruwa ya shiga a jarkar 'yan bumburutu, yana iya kashe su. Gyaransu guda ɗaya zai iya cinye abin da ma'aikacin nan ya tara a shekara, har ya nemi ciko. Yawancin motocin dizal kuma suna da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin injin, shi ma kayan tsada ne.

Akwai wata matsalar da mutane ba su cika sani ba. Motocin dizal da aka ƙera don Turai daga wajen 2009 zuwa sama suna da wata matata a salansa mai tare baƙin hayaƙi. Ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya injin ya ɗau zafi sosai. Wanda kullum yake cikin cunkoson gari, tafiyar minti goma ya kashe, matatar za ta toshe, mota ta rasa ƙarfi. An yi ta ne don babbar hanya, ba don lungu ba.

Sai maganar bakanike. Motoci irin su Corolla, Camry, Golf da Peugeot 406 masu fetur, kusan kowane gari akwai wanda ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma ga su nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Ƙananan motocin dizal masu kwamfuta kuwa, masu gyaransu ba su da yawa. Kafin ka biya kuɗi, ka fara sanin wa zai gyara maka ita, kuma ina. Ranar da za ka sayar da ita ma, mai fetur ta fi saurin samun mai saye.

A ganin mai wannan rubutu, wanda zirga-zirgarsa a cikin gari take ya nemi ƙaramar mota mai fetur, mai silinda huɗu. Dizal na mai doguwar hanya ne da mai ɗaukar kaya.

Ranar duba mota

Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji yana da sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye cutarsa. A tayar da ita a gabanka. In ta yi ta gardama kafin ta tashi, akwai magana. Ka koma baya ka dubi salansa: shuɗin hayaƙi alamar tana ƙona baƙin mai ne, baƙin hayaƙi mai kauri yakan nuna nozul ko matatar iska, fari wanda ba ya yankewa kuma yana iya zama ruwa ne ke shiga injin. Kada ka gaskata lambar kilomita ita kaɗai, ana mayar da ita baya. Ka nemi takardun kwastan, ka gwada lambar jikin motar da ta takarda.

Aikin gida

Ka je gidan mai mafi kusa ka rubuto farashin fetur da na dizal na yau. Ka ninka na fetur sau 8, na dizal sau 6, ka cire ƙaramin daga babban. In na fetur ne babban, abin da ya saura shi ne abin da mai dizal za ta rage maka a kilomita 100; in na dizal ne, asara ce. Sannan ka ƙiyasta kilomitar da kake yi a wata, ka fitar da abin da za ka rage a shekara. A zama na gaba kowa ya zo da amsarsa a rubuce, tare da kuɗin nozul guda ɗaya da ya tambayo a wurin bakanike.