Yadda Ake Nazarin Wasiƙun Flaubert da George Sand

Yawancin masu fara nazarin wasiƙun marubutan ƙarni na 19 a wuri guda suke yin tuntuɓe: sai su tsinci jimla ɗaya mai zafi, su ɗaga ta su ce ga aƙidar marubucin. Wasiƙun da marubutan Faransa biyu, Gustave Flaubert da George Sand, suka riƙa aika wa juna daga 1863 har rasuwar Sand (mace ce mai rubutu da sunan namiji) a 1876, fage ne mai kyau na koyon kauce wa wannan.

Da farko a nemi bugun da ya haɗa ɓangarorin biyu. Na 1884 wasiƙun Flaubert kaɗai ya ƙunsa, kuma mai dogaro da shi tamkar alƙali ne da ya saurari mai ƙara ya yanke hukunci. Wanda Alphonse Jacobs ya tsara a 1981 shi ne abin riƙewa. Idan aljihu bai kai ba, Jami'ar Rouen ta ɗora wasiƙun Flaubert a intanet kyauta, sai dai da Faransanci suke.

Kafin a buɗe wasiƙa ko ɗaya, a rubuta mutanen gidajen biyu a takarda guda. A Croisset, kusa da Rouen, Flaubert na zaune da mahaifiyarsa, kuma hankalinsa na kan Caroline, 'yar ƙanwarsa. A ƙauyen Nohant da ke tsakiyar Faransa kuwa Sand na tare da ɗanta Maurice, da matarsa Lina, da jikokinta Aurore da Gabrielle. Kada a tsallake labarin rashin lafiya da na wasan yara don hanzarin kaiwa ga siyasa, domin a nan ake gane halin da mai rubutun yake ciki.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne jera kowace wasiƙa kusa da amsarta, a kuma rubuta abin da ke faruwa a watan. Dubi 1871. Faransa ta sha kashi a hannun Furushiya, wata masarautar Jamusawa, sojojin mamaya sun zauna a gidan Flaubert na Croisset, sannan tawayen Paris ya ƙare da zubar da jini. Cikin wannan ɓacin rai ya rubuta mata yana la'antar bai wa kowa da kowa ƙuri'a. Ɗalibin da ya tsaya nan zai ce mutumin ya gama magana, alhali muhawara ce ake yi. Sand, wadda ta girme shi da shekara 17, ta ƙi yarda ta yanke ƙauna daga talakawa, har ta buga amsarta a jaridar Le Temps a watan Oktoba. Wannan amsa, a ganina, bai kamata a auna ta da ma'aunin wasiƙar sirri ba, tunda jama'a aka rubuta wa. Kuma saɓanin bai raba su ba: a 1875, da karayar arzikin mijin Caroline ta sa Flaubert ya sayar da gonarsa ta Deauville, Sand ce ta nuna niyyar sayen Croisset don ya ci gaba da zama a ciki.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A ware kati ɗaya ga kowace wasiƙa, da ranarta, da wurin da aka rubuta ta, da wadda take amsawa. A kwatanta abin da Flaubert ya faɗa mata da abin da ya rubuta wa abokinsa Turgenev, marubucin Rasha, a lokaci guda, sannan a fara rubuta sharhi.