Yadda za a rage haɗarin kansar hanta tun daga rumbu

Ku fara da hatsi. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi suna yin fumfuna, ita kuma tana fitar da dafin afulatoksin, wanda ke iya jawo kansar hanta. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ma haka, don haka ƙuli-ƙulin ruɓaɓɓiyar gyaɗa yana nan da dafinsa. A shanya amfanin gona a kan tamfol, kada a zube shi a ƙasa, har danshin masara ya koma ƙasa da kashi 13 cikin ɗari. A tsince ƙwayoyin da suka yamutse ko suka sauya launi a zubar, kada a ba dabbobi, domin dafin yana biyo madara. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango.

Sai gwajin jini na HBsAg, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da cutar hanta nau'in B. Wanda ke ɗauke da cutar hanta nau'in B, dafin nan ya fi yi masa ɓarna nesa ba kusa ba. Likita kan sa masu haɗarin kamuwa da kansar hanta hoton ciki duk wata 6, haɗe da gwajin AFP, wani sinadari a jini da kansar hanta kan ɗaga. Kada a dogara da AFP kaɗai: juna biyu da kumburin hanta ma kan ɗaga shi, wani mai kansar kuma nasa daidai yake fita.

Ƙwayoyin bitamin kuwa ba rigakafi ba ne. Wani bincike na ƙasar Finlan a 1994 ya nuna ƙwayar beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ta ƙara kansar huhu ga masu shan taba.